Kiwon Tsohon Jirgin Ruwa Da Gyaransa

Watakila wani daga cikin 'yan'uwanmu 'yan makaranta, ko daga cikin malamanmu, zai dubi kan maganan nan ya ce, "Ina ruwan mutumin Samaru da jirgin ruwa, mu da ke zaune tsakiyar tudu?" To, a yi haƙuri a ji dalili. Ruwan saman da ya zuba bisa rufin ɗakunanmu ya kan gangara Kubanni, Kubanni ta kai shi Galma, Galma ta miƙa shi Kogin Kaduna, Kaduna kuwa ta juye shi cikin Kwara daura da Pategi. Sabon Gari ma da mu ke zuwa cin kasuwa, jirgin ƙasa ne ya haife shi, sa'ad da hanyar dogo ta iso Zariya cikin 1911, ƙarafan dogon nan kuwa ta ruwa aka hau da su Kwara har Baro. Banda wannan, ba wanda ya san garin da za a tura shi aiki ran da ya gama karatu. Wani Yawuri za shi, wani Lokoja, wani bakin Tafkin Cadi.

Babban dalili kuwa shi ne rayukan mutane. Ran 26 ga Mayu 2021 wani tsohon jirgin katako ya rabe biyu cikin Kwara kusa da Wara, ƙasar Ngaski ta Jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 a ciki. Waɗanda aka tsamo da rai kimanin 20 ne kaɗai. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari, ƙasar Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Cikin Yuni 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka kusa da Pategi suna komowa daga biki. Allah ya ji ƙansu. Jiragen fito na kogunanmu yawancinsu inji ke tura su yanzu, amma jikinsu katako ne da ƙusa, irin jikin jirgi mai tafiya da iska. Ciwonsu ɗaya ne, maganinsu ma ɗaya. Saboda haka abin da masu jiragen iska suka koya cikin ɗaruruwan shekaru zai amfane mu.

Sassan jirgi

Kafin mu shiga gyara sai mu san abin da za mu gyara. A ƙarƙashin jirgi akwai wani dogon ice mai kauri daga goshi har gindi, shi ne ƙashin bayansa. Daga jikinsa waɗansu itatuwa lanƙwasassu su ke tashi dama da hagun, su ne haƙarƙari. A kan haƙarƙarin nan a ke buga katakai su zama fatar jirgi. A tsakiya a kan kafa dogon ice a tsaye, sunansa jigo, a ɗaure shi da igiyoyi gaba da baya da gefe. A jikin jigo a ke rataya filafili, watau ƙaton ƙyallen nan da iska ke hurawa. Can baya kuma akwai allon juya jirgi, wanda ya ke kamar linzami ga doki.

In iska ta biyo jirgi daga baya, tura filafili ta ke yi kurum. In ta zo ta gefe, filafilin ya kan yi ciki kamar fiffiken tsuntsu, ya riƙa jan jirgi gaba da gefe gaba ɗaya. Ƙashin baya da ke nutse cikin ruwa shi ke hana shi zamewa gefe, sai tafiya gaba ta rage. Da wannan dabara matuƙi ya kan nufi wajen da iska ke fitowa, yana karkata dama yana karkata hagun, kamar jaki mai hawan tudu da kaya. Mu lura da wannan: duk ƙarfin da iska ta sa wa filafili ya kan bi ta jigo da igiyoyi ya sauka kan haƙarƙari da ƙusoshi. In ɗaya cikinsu ya yi rauni, sauran ba su da amfani.

Abin da magabata suka yi

Gyaran tsohon jirgi ba baƙon abu ba ne a Kwara. Cikin 1805 Baturen nan Mungo Park ya isa Sansandin, cikin ƙasar Mali ta yau, mutanensa sun kusa ƙarewa da ciwo. Jiragen da ya samu kuwa rabinsu ruɓaɓɓe ne. Sai shi da soja ɗaya suka fid da ruɓaɓɓen, suka haɗa lafiyayyun ɓangarori, cikin kwana 18 suka sami jirgi mai tsawon ƙafa 40 da fāɗin ƙafa 6, ya sa masa suna Joliba. Jirgin nan na haɗi ya gangara Kwara ya wuce Tambutu, ya wuce Yawuri, tafiyar fiye da mil 1,000, kafin ya maƙale a duwatsun Busa cikin 1806, inda Park ya halaka. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968.

Kakanninmu alhazai kuwa, da su ke tafiya Makka a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, in sun isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, da yawansu jirgin iska na Larabawa su ke shiga, wanda a ke kira sambuk, ya ƙetare da su zuwa Jidda, kimanin mil 200. Masu irin jiragen nan suna da ƙa'idar kiwo da ba su sakaci da ita. Su kan kai jirgi gaɓa lokacin da teku ta cika, in ta janye ya zauna kan yashi, su tokare shi, su kankare gindinsa. Sa'an nan su kwaɓa farar ƙasa da kitse su shafe duk inda ruwa ke taɓawa, sama kuwa su shafa man kifi. A Mopti, cikin Mali, masassaƙan jirgi su kan yi jikinsa da maɗaci, maƙera su ƙera musu ƙusoshi, su toshe tsakanin katakai da tsumma da man kaɗanya. Ko wane wuri da abin da Allah ya hore masa, amma manufa ɗaya ce, a hana ruwa shiga ice, a hana ƙwaro cinsa.

Abokan gāban jirgi

Na fari ruɓa. Wata irin funfuna ce ke cin ice, ba ta rayuwa sai ta sami abu uku: danshi, da iska, da ɗumi. Icen da ya bushe, har ruwan da ke cikinsa ya kāsa kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ba ya ruɓa. Wanda ke nutse cikin ruwa ko yaushe shi ma ya kan daɗe, don ba iska. Inda ɓarna ta ke shi ne tsakani, wurin da ke jiƙa yana bushewa: daidai bakin ruwa, da gindin jigo, da ƙarƙashin dandamali inda ruwan sama ke kwanciya. Gishiri yana rage ƙarfin funfunan nan, har masu sassaƙa jirgi na dā a Turai da Amurka su kan cusa gishiri tsakanin haƙarƙari. Ashe jirgin kogi ya fi na teku haɗarin ruɓa.

Na biyu rana da hunturu. Duk wanda ya zauna Zariya ya san yadda ƙofa ke kumbura da damina ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta motse har a hango waje ta tsakanin katakai. Ice ba ya raguwa ta tsawo sai kaɗan ƙwarai, ta fāɗi ya ke motsewa. Katako mai fāɗin inci 12 ya kan rage kwatan inci ko fiye daga jiƙa zuwa bushewar hunturu. Jirgin da aka bari a tudu cikin rana wata biyu, duk haɗinsa zai buɗe baki.

Na uku tsatsa. Ƙusar ƙarfe ta kan ci tsatsa a ɓoye cikin ice, kanta na nan lafiya a waje, tsakiyarta ta sirance kamar allura. Tsatsan kuma ya kan ɓata icen da ke kewaye da ita, ramin ya yi fāɗi. Irin wannan jirgi a ido lafiya lau ya ke, sai ran da ya bugi kututture, katakai su saki haƙarƙari gaba ɗaya.

Na huɗu ƙwari. A teku akwai wata tsutsa, dangin kifin kwasfa, da ke shiga katako ta ɗan rami kamar bakin allura, ta rarake cikinsa kamar saƙar zuma. Ba ta rayuwa cikin ruwan daɗi, saboda haka ba ruwan Yawuri da ita, sai Ikko da bakin teku. Mu tamu ita ce gara, wadda ke jiran a kwantad da jirgi a ƙasa.

Duba jirgi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya ko wace shekara, lokacin da aiki ya yi sauƙi, a fid da jirgi daga ruwa. A aza shi bisa itatuwa ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa, a tokare shi wuri da yawa don kada bayansa ya lanƙwashe, a yi masa rumfar zana. A kwashe dandamali da kaya duka, a wanke laka, gama laka ke riƙe danshi tana ɓoye aibi.

Sa'an nan mutum ya ɗauki 'yar guduma da tsinken ƙarfe ya bi jirgi kamu kamu. Lafiyayyen ice in an ƙwanƙwasa ya kan yi ƙara ras, ruɓaɓɓe kuwa ya yi dum kamar tulun da ya tsage. Inda aka yi shakka a soka tsinke. In ya shige da sauƙi, a zāna wurin da alli. A zare ƙusa biyar ko shida daga wurare dabam dabam, musamman ƙarƙashin bakin ruwa, a duba su. In an sami biyu sun sirance, a ɗauka 'yan'uwansu ma haka su ke. Jan zane na tsatsa da ke gangarowa daga kan ƙusa shi ma shaida ne. Daga ƙarshe a tsaya nesa a hangi jirgin ta goshi da ta gefe. In goshi da gindi sun sunkuya, tsakiya ta yi doro, to, ƙashin baya ya gaji, aikin ya zama babba.

Kada a raina ƙaramar ɓula. Ramin da fāɗinsa inci ɗaya ne, in yana ƙafa ɗaya ƙarƙashin ruwa, ya kan shigo da kimanin lita 45 ko wane minti, watau kusan jarka biyu. Cikin sa'a guda ya haura tan biyu da rabi. Kuma jirgi na ƙara nutsewa, ruwan na ƙara ƙarfin shiga. Wane yaro ne zai kwashe wannan da ƙwarya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran jiki

Ruɓa ba ta warkewa, yankewa a ke yi. A yanke har a wuce inda ta tsaya da kamu guda, don zarenta ya kan yi nisa cikin icen da ke kama da lafiyayye. Buga falle na gwangwani ko na kwano bisa ruɓaɓɓen wuri dabarar isa gaɓa ce kaɗai. In an bar shi, ruwa zai kwanta ƙarƙashinsa ɓarna ta ci gaba ba mai gani.

In za a sāke katakai, a riƙa cire ɗaya a mayad da sabo kafin a taɓa na biyu, don jirgi kada ya ɓata siffarsa. Kada bakin katako biyu maƙwabta su ƙare a kan haƙarƙari ɗaya. A sassaɓa su, yadda magini ke sassaɓa bulo. In za a haɗa ice biyu su zama dogo ɗaya, a fiƙe bakunansu a karkace, tsawon fiƙar ya kai kaurin icen sau 8 zuwa 12, sa'an nan a haɗa. Haƙarƙarin da ya tsage kuwa a kan kafa masa ɗan'uwa a gefensa, ya zarce tsagar sama da ƙasa, a ɗaure su tare.

Wajen zaɓen ice, maɗaci da kawo da loko su ne masu jimrin ruwa da gara, ƙirya kuma ta yi kyau wajen haƙarƙari don taurinta. Rimi, wanda Zariya ta yi suna da shi, yana da sauƙin sassaƙa, ba shi da nauyi, amma ba ya daɗewa. Ko wane ice aka samu, a fid da farin nan na bayan ɓawo, a ɗauki zuciyar, gama farin shi ƙwaro ke fara ci. Wanda ya je wurin 'yan katako a Sabon Gari ya roƙi a nuna masa bakin katako, zai ga bambancin launin da idonsa.

Ƙusa kuwa, wadda aka tsoma cikin tutiya, watau ƙarfen nan da ke hana kwanon rufi tsatsa, ta fi baƙar ƙusa daɗewa nesa ba kusa ba. Ta jan ƙarfe ko ta tagulla ta fi su duka, sai dai tsada. Amma akwai tarko a nan. Cikin 1761 Ingilishi suka rufe gindin wani jirginsu na yaƙi mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe don maganin tsutsa. Tsutsa ta hanu, sai aka tarad da ƙarfen da ke taɓa jan ƙarfen ya cinye. Dalili kuwa, ƙarfe iri biyu in suka haɗu cikin ruwan gishiri su kan zama kamar batir, ɗaya ya riƙa narkewa. Cikin 1824 wani masani, Humphry Davy, ya nuna in an manna guntun tutiya, ita za ta narke ta fanshi sauran. Har yanzu haka a ke yi wa jiragen teku, a kan sāke guntun in ya cinye rabi.

Saura toshe haɗi. A kan murza auduga ta zama kamar lagwani, a tura ta tsakanin katakai da ƙarfe mai fāɗin baki da guduma ta ice. In haɗin mai fāɗi ne a bi bayanta da zaren tsohuwar igiya da aka jiƙa da kwalta, mu nan ramarmu ta isa wannan aiki. Sa'an nan a shafe bisa da kwalta mai zafi. A nan gwaninta ta ke: in katakai a bushe su ke, kada a cusa da ƙarfi, gama in sun sha ruwa za su kumbura, abin da aka cusa ya zama kamar weji, ya tsinke ƙusa ko ya fasa haƙarƙari. In an gama a mai da jirgi ruwa mara zurfi, a bar shi kwana biyu ko uku ya sha ya rufe bakinsa, kāna a yi masa lodi.

Jigo da igiya da filafili

Jigo ya kan ruɓe a wuri biyu, gindinsa da ƙwanƙolinsa inda ruwan sama ke shiga ta bakin ice. A sauke shi ko wace shekara a duba, a shafa masa mai, a yi wa ramin da ya ke zama 'yar kafa ta zurarad da ruwa. Tsaga mai bin tsawon ice ba ta cika ɓarna ba, wadda ta gitta ita ce abin tsoro.

Igiya gugar juna ke kashe ta. Inda ta ke gogar ice a naɗe ta da fata, kuma a riƙa juya ta, kai ya koma gindi, don wurin da ke shan wuya ya huta. Ga misalin abin da igiya ɗaya ke jawowa. Cikin 1969 wani mutumin Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauko masu ɗaura jirgin ciyawa daga Tafkin Cadi, suka ɗaura masa babban jirgi mai filafili, ya sa masa suna Ra, ya tashi daga Safi ta ƙasar Maroko zai ƙetare Tekun Atlantika. Akwai wata igiya da ke cikin zanen Misirawan dā, mai riƙe gindin jirgi da dandamali, aka bar ta don ba a gane amfaninta ba. Gindin ya yi ta nutsewa, ɗaurin ciyawa ya yi ta tsinkewa da guga, har suka bar jirgin a teku bayan sun ci mafi yawan hanya. Cikin 1970 aka ɗaura na biyu da gyara, ya isa tsibirin Barbados cikin kwana 57.

Filafilin auduga in an naɗe shi da danshi ya kan yi funfuna ya ruɓe, saboda haka sai ya bushe a ke naɗewa. Masunta na Turai su kan dafa ɓawon itace su rina nasu don ya daɗe, shi ya sa ya ke yin ja. Abin da ke cikin ɓawon nan irinsa ne ke cikin bagaruwa da majemanmu ke jima da ita. Tun wajen 1950 da 'yan kai aka koma yin filafili da zaren roba, wanda ba ya ruɓa, amma rana ke cinsa, zaren ɗinki kuma shi ke fara mutuwa. A karce ɗinki da farce, in zare ya tsinke lokacin sāke ɗinki ya yi. Maho kuwa ya zarce yagar da inci biyu ko uku ko ta ina, saƙarsa ta bi saƙar filafili. A sani kuma, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta a kan filafili ya kan ninka huɗu. Don haka tsohon jirgi ya kamata a ɗinka wa filafilinsa layin 'yan igiyoyi na rage shi, a rage tun hadari na nesa.

Ƙarin zamani

Mai tsohon jirgi ya kan so ya ƙara masa abin zamani, ba laifi, in an yi da lissafi. Inji yana da nauyi, yana da girgiza, girgiza kuwa tana kwance ƙusa. Kafin a rataya shi sai a ƙarfafa allon baya da ginshiƙai, a ɗaure da noti mai ratsawa. Gudu kuma ya kan mai da ɗan karo ya zama babba, balle a Tafkin Kainji inda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye su ke ɓoye. Wanda ya sa inji kada ya yar da filafili da gora, don iska ba a sayenta, ran da inji ya mutu tsakiyar ruwa kuma su ne za su kai shi gaɓa.

Waɗansu su kan lulluɓe tsohon jirgi da faiba, watau ƙyallen zaren gilas da a ke jiƙawa da wani irin ƙaro ya daskare. In icen lafiyayye ne, ya bushe sarai, yana ƙara masa kwana. In an lulluɓe jiƙaƙƙe ko ruɓaɓɓe, an yi masa likkafani ke nan, gama danshin ba shi da mafita. Rumfa mai nauyi ko bene a kan jirgi su ma haɗari ne. Nauyi in ya hau sama jirgi ya kan yi saurin kifewa, kaya masu nauyi ƙasa a ke sa su, a tsakiya, a ɗaure.

Ƙarin da ya fi amfani shi ne mafi araha. Jarka mai lita 25, in ba kome ciki an toshe bakinta, tana ɗaga kimanin kilo 24 cikin ruwa. Goma in an ɗaure su tam ƙarƙashin benci, jirgi ko ya cika da ruwa zai daɗe bai nutse ba, mutane su sami abin kamawa. Sai fitila mai cin hasken rana, da bokiti biyu, da rigar ceto ga ko wane mutum. Sai kuma layin lodi. A Ingila wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, ya yi ta faɗa da masu cika ruɓaɓɓun jirage da kaya, har cikin 1876 aka yi doka ko wane jirgi a zāna masa alama a gefe. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa a yi wa jiragen gari guda irin layin nan, in ruwa ya taɓa shi ba mai ƙara shiga, ko wane ne. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasan nan, NIWA, wadda aka kafa cikin 1997 da babban ofishinta a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta rigar ceto. Amma ma'aikaci ba ya kwana a ko wane mafiti, sai mutanen gari sun riƙe dokar da kansu.

Yaushe a ke haƙura da jirgi?

Cikin 1892 aka ba wani tsohon matuƙi na Amurka, Joshua Slocum, wani mataccen jirgi mai suna Spray da ke yashe a fili. Ya sāke masa ƙashin baya da haƙarƙari da katakai ɗaya bayan ɗaya, wata 13 yana aiki, ya kashe dala 553. Da jirgin nan, wanda bai kai ƙafa 37 ba, ya kewaye duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, ba wanda ya riga shi yin haka. Amma waɗanda suka ga jirgin a shekarunsa na ƙarshe sun ce ya lalace don rashin kula. Kimanin shekara 10 bayan komowarsa ya fita da shi teku, ba a sāke ganinsu ba. Gyaran bara ba ya ɗaukar lodin bana. In ƙashin baya ya ruɓe, haƙarƙari da yawa sun tafi, mai jirgi kuma ba shi da halin sāke su duka, to, a cire abin da ke da amfani, sauran a yi makamashi. Hasarar jirgi ta fi hasarar rai sauƙi.

Abin da ya rage gare mu

Kayan aikin nan duka suna kusa da mu. Tun 1922 a ke binciken aikin gona a Samaru, auduga da rama suna cikin abin da aka daɗe ana kyautata irinsu a nan. A Sabon Gari ga 'yan katako, ga kafintoci, ga maƙera, ga madinka tamfol. A Zariya kuma aka kafa makarantar koyon fasahar sufuri ta ƙasa cikin 1986. Muna roƙon malamanmu na aikin hannu su sa haɗin katako da toshe haɗi cikin abin da a ke gwadawa a ɗakin sassaƙa, na lissafi kuma su ba mu lissafin ɓula da na jarka mu yi da kanmu. 'Yan'uwa da za su gida hutu a garuruwan bakin ruwa, ku je mafiti ku gai da Sarkin Ruwa da masassaƙa, ku zauna ku ga aikinsu da ladabi, gama sun san abin da ba ya cikin littafi. Ku tambayi sunan ko wane sashe na jirgi da harshensu, ku rubuto mana, mu buga a fitowa ta gaba. In kuwa kun ga jirgi ruwa ya kusa bakinsa, ku jira na baya, ku kuma gaya wa na kusa da ku dalili.

Allah ya kiyashe mu da sharrin ruwa, ya kai matafiya gida lafiya, amin.